Ƙururu, Mai Gadin Dare A Gonakin Kura Da Bunkure

A wannan wata za mu kai ku kudancin Kano, ƙasar noman rani, inda ruwa yake gudu cikin gonaki tun daga kaka har bazara. Yawancinku kun ci shinkafar Kura, kun kuma yi miya da tumatirin Kadawa, ko da ba ku taɓa taka ƙasar ba. Amma akwai wani ma'aikaci a gonakin nan wanda ba a biyansa lada, ba a kuwa gode masa. Sau da yawa ma jifa yake sha. Shi ne ƙururu, ƙaramar mujiyar nan mai kuka da dare. Muna roƙon uwargida kada ta juya shafi don ta ji an ambaci mujiya, gama maganar ta shafi rumbunta da lafiyar 'ya'yanta.

Hanyar Kura

Daga Kano muka kama hanyar Zariya da sassafe, a ƙarshen hunturu. Tafiyar ba ta da nisa, wajen kilomita 30 ce. Da farko ba abin da ido yake gani sai busassun gonaki da karan dawa da ƙura. Can sai ƙasa ta sāke kama. Dama da hagu kore shar, sai ka ce tsakiyar damina, ga shi kuwa an yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ga alkama ta fid da kai, ga albasa, ga masara, ga tumatir ja wur cikin kwanduna a bakin hanya. Balbelu suna bin bayan masu ban ruwa, zalɓe yana tsaye a gefen kanal kamar mai jiran mota.

Kura tsohon gari ne. Tun kafin a san noman rani irin na yanzu an san shi da rini da bugu. Baƙin rawanin nan mai walƙiya da ake kira ɗan Kura daga nan ya samo sunansa, fatake kuwa sun daɗe suna kai shi har Agadas wurin Buzaye. A labarin Hausa Bakwai ma, Kano da Rano su ne ake ce wa sarakunan baba. Yau shinkafa ta sha gaban baba. Ko'ina ka bi cikin gari sai ƙarar injin casa, mata suna turara shinkafa cikin manyan tukwane, an baza shanya a kowane fili. Gaba kaɗan akwai Kadawa, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da tashar binciken noman rani, da Kwanar Gafan, inda manyan motoci suke lodin tumatir zuwa kudu. Bunkure kuwa tana gabas, a hanyar Rano.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Ruwan nan duka daga Tiga yake fitowa. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka datse Kogin Kano a Tiga. An fara aikin a 1971, aka gama a 1974, daidai lokacin da babban fari ya addabi ƙasar arewa. Tafkin da ya taru ya rufe fili mai fāɗin murabba'in kilomita 178, a lokacin da aka gina shi kuma yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ba injin da yake tura ruwan. Ƙasar ce take da gangara, sai ya bi babban kanal da kansa, ya ratsa ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma. Daga nan ƙananan kanal suke kai shi bakin gonaki, manomi ya sa lanƙwasasshen bututun roba ya janyo shi cikin kunyoyinsa. An tsara kashi na farko na aikin domin ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ce ta karɓi riƙon aikin.

Albarkar da ruwan ya kawo ba ta ɓoyuwa. Samarin da a dā suke tafiya cin rani sun sami aiki a gida, ana noma sau biyu ko fiye a shekara. Amma an biya tsada. Dubban mutane aka tashe su daga gidajen kakanninsu a inda tafkin yake yanzu. Fadamun Haɗeja da Nguru sun rage samun ambaliyar da suka saba. Sa'ad da manyan injuna suka zo baje ƙasa domin ruwa ya gudu daidai, sun tumɓuke itatuwa masu yawa, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo. Saboda haka in ka tsaya a tsakiyar gonakin yau, sai ka hangi nesa ƙwarai ba inuwa. Itatuwan da suka ragu suna gefen ƙauyuka ne, da lambunan mangwaro, da layin darbejiya a bakin hanya. A can ne ƙururu ya fake.

Daren farko

Wani ɗan'uwa mai bi, manomi, ya sauke mu a ƙauyensu tsakanin Kura da Bunkure. Masu bi kaɗan ne a wurin, amma maƙwabtansu Musulmi sun yi ta zuwa yi mana sannu da zuwa, har wani dattijo ya aiko mana da rake. Bayan mun ci tuwon shinkafa, mun yi addu'ar iyali, sai muka ɗauki tocila muka nufi bakin kanal.

Daren noman rani ba shiru gare shi ba. Kwaɗi suna ta yi, gyare yana ta yi, zakaran ƙeƙuwa yakan yi ƙara in an matso kusa da shi. Cikin wannan hayaniya muka ji wata murya dabam daga kan wata tsohuwar tsamiya. Gajeriya ce, mai ɗan karkarwa, kamar a ce "kurr". Sai shiru. In ka ƙidaya daga ɗaya zuwa biyar ko shida a hankali, sai ka sāke jin "kurr". Haka yake yi ba gaggawa, ba fashi, wani lokaci har sa'a guda. Baƙo yakan ɗauka kwaɗo ne ko wani ƙwaro. Can nesa wani ya amsa masa. Namiji yakan yi kukan nan domin ya sanar da sauran maza cewa wurin yana da mai shi, ya kuma kira matarsa. Ita ma takan amsa.

Muka lallaɓa muka haska. Ga shi zaune a kan reshe, idanu rawaya kamar ƙwandala biyu, yana dubanmu. Wanda ya taso da jin labarin mujiya mai ban tsoro zai yi mamaki, gama tsuntsun bai kai kurciya girma ba.

Kamanninsa

Hausawa sukan kira ƙananan mujiyoyi fiye da iri ɗaya da sunan ƙururu. Wanda muke magana a kansa shi ne masana suka sa wa suna Otus senegalensis da harshen Latin, watau na ƙasar Sanagal. Wani Bature mai suna William Swainson ya rubuta bayaninsa a 1837. Ana samunsa a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda akwai itatuwa jefi jefi. Ba ya son ƙurmi mai duhu, ba ya kuwa son hamada tsantsa.

Tsawonsa santimita 15 zuwa 17 ne, watau kamar tafin hannun babban mutum. Nauyinsa bai fi na ƙwan kaza da kaɗan ba. Gashinsa toka-toka ne, wasu kuma suna da ɗan ja-ja, da zāne-zānen baƙi a tsaye kamar tsagar ɓawon itace. A kansa akwai tukkaye biyu da mutane suke ce wa kunnuwa ko ƙahoni. Gashi ne kawai. Kunnuwan gaske ramuka ne a gefen kai, gashin fuska ya rufe su.

Idanunsa ba sa juyawa cikin gurbinsu kamar namu. Saboda haka Mahalicci ya ba shi wuya mai ban mamaki. Mutum yana da ƙasusuwa 7 a wuya, mujiya kuwa tana da 14, tana iya juya kai har kashi 3 cikin 4 na da'ira ba tare da ta motsa jiki ba. Wannan juyin kai yana cikin abin da yake tsoratar da mutane, alhali kuwa duba take yi kawai. Ana cewa mujiya makauniya ce da rana. Ba haka ba ne, tana gani sarai, hutawa take yi. Fikafikanta kuma suna da laushi, bakin gashin yana da ƙananan haƙora kamar na matsefi, su ne suke kashe ƙarar iska. In tantabara ta tashi kowa ya ji, amma ƙururu yakan wuce ta bisa kanka ba ka sani ba. Yatsunsa huɗu ne, in zai kama abu sai biyu su dubi gaba, biyu baya.

Washegari da rana wani yaro mai kaifin ido ya kai mu gindin tsamiyar nan, ya nuna da yatsa. Mun daɗe muna dubawa kafin mu gan shi. Ya manne da jikin itacen, ya miƙe ya zama siriri, ya ta da tukkayensa, ya lumshe idanu saura 'yar tsaga. Sai ka rantse guntun reshe ne da ya karye. Yana da dalilin ɓuya. In ƙananan tsuntsaye suka gane shi, sai su taru a kansa da tsiwa da tsattsaga har ya bar musu wurin. Daga nan Hausawa suka samo maganar nan da ake yi wa wanda kowa ya tsana, a ce an mai da shi mujiya.

Abincinsa da gidansa

Ƙururu maci ƙwari ne. Da magariba yakan sami reshe ya zauna, yana kallo yana saurare. In fara ta motsa, ko gyare, ko buzuzu, ko ƙoƙi-ƙoƙi, sai ya sauko ya ɗauke, ya koma mazauninsa. Yakan cafke faɗa-wuta a iska. Yana cin gizo-gizo, har kunama ma ba ya barinta. Jifa jifa yakan kama tsaka, ko ɗan kwaɗo, ko ɗan ƙaramin ɓera. Abin da cikinsa bai narkar ba, kamar ɓawon ƙwaro da gashi da ƙashi, yakan dunƙule shi ya amayar ta baki. Duk wanda ya tsinci irin wannan dunƙule a gindin itace ya farfasa shi da tsinke, zai ga da idonsa abin da tsuntsun ya ci. Mun yi haka tare da yaran ƙauyen, muka ga ƙafafun fara da fikafikan buzuzu. Ba mu ga wani abin maita a ciki ba.

Ba ya saƙa sheƙa. Kogon itace yake nema, ko ramin da maƙwaƙwafi ya fafe ya bari. A ciki macen takan sa fararen ƙwai, galibi 2 zuwa 4. Ita ce take kwanci, mako 3 zuwa 4, namijin kuwa yana kawo mata abinci dukan kwanakin nan. In an ƙyanƙyashe, su biyu suke ciyar da 'ya'yan, har wajen wata guda kafin su fito. To, a nan ne wahalarsa take. Sabon itace ba shi da kogo. Sai itace ya tsufa, reshe ya karye, ruwa ya ci wurin shekara da shekaru, kāna kogo ya samu. Irin wannan tsohon itace kuwa shi ne mai faskare yake fara sa wa gatari.

Akwai wani ɗan'uwansa baƙo, mai kama da shi ƙwarai, wanda yake hayayyafa a ƙasashen Turai kamar Faransa da Italiya da Sifen. In sanyi ya gabato can, sai ya ƙetare Bahar Rum da Sahara da dare, ya zo cin rani a ƙasashenmu, ya koma wajen watan Maris ko Afrilu. A nan ba ya cika yin kuka ba, shi ya sa ba a san da zuwansa. Ku duba fa, tsuntsun da bai kai kurciya ba, yana tafiyar dubban kilomita ba taswira.

Sauran dangi

A kwana huɗun da muka yi mun sadu da waɗansu danginsa. Akwai mai farar fuska da baƙin da'ira kewaye da ita, da idanu ruwan lemo. Ya fi ƙururu girma, wajen santimita 25. Shi kam ɓera ne babban abincinsa, yakan kuma hau tsohuwar sheƙar wani tsuntsu ya yi ƙwai. In ya ga abokin gāba wanda bai fi shi sosai ba, sai ya baza fikafikai ya kumbura. In kuwa babba ne, sai ya tsuke ya zama kamar sanda. Akwai kuma wani ƙarami marar tukkaye, mai ɗigo-ɗigon fari, wanda yakan fito har da rana yana fito mai hawa sama sama. A ƙeyarsa akwai baƙaƙen tabo biyu kamar idanu, domin mai zuwa ta baya ya zaci ana kallonsa.

Wadda aka fi tsoro ita ce farar mujiya, mai zama cikin rufin makaranta da ɗakin ajiya da tsohon gini. Kukanta ƙara ce mai tsawo kamar ana yaga ƙyalle, mun kuwa yarda ba daɗin ji da tsakar dare. Amma ba manomin shinkafa da yake da abokiya kamarta. Jinta yana da kaifi har tana iya kama ɓera cikin baƙin duhu da kunne kaɗai. Miji da mata da 'ya'yansu sukan cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara.

Manoman waɗansu ƙasashe sun gane wannan. A ƙasar Isra'ila, a wani ƙauyen manoma mai suna Sde Eliyahu kusa da Bet-sheyan a kwarin Urdun, an fara kafa wa farar mujiya akwatuna cikin gonaki a 1983 domin a rage zuba guba. Abin ya yi kyau har ya bazu, akwatunan suka kai dubbai, manoman ƙasar Jodan da Falasɗinawa su ma suka shiga. A Malesiya ma ana yin haka a gonakin kwakwar manja da na shinkafa. Su suna gina mata ɗaki, mu kuwa muna aika yara da danƙo.

Kukan mujiya da ciwon yaro

A dare na uku aka buga ƙofar mai masaukinmu. Ɗan wata maƙwabciya, mai shekara biyu, jikinsa ya yi zafi kamar wuta, har ya fara jijjiga. Kwana biyu ke nan ana jin mujiya a kan itacen bayan gidansu. Tsofaffin mata suka ce ai tsuntsuwar ce, a nemo mai magani ya yi turare, a kuma sare itacen da safe. Mai masaukinmu ya durƙusa ya gai da kakar yaron, ya ce mata Inna, ya roƙe ta da girman Allah ta bari a kai yaron asibiti tukuna. Da ƙyar ta yarda. Aka ɗauki uwa da ɗa a babur cikin daren. Da aka gwada jininsa sai aka tarar zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi tsanani. Aka yi masa allura. Kafin mu bar ƙauyen yaron ya fara shan kunu, itacen kuma yana nan tsaye.

'Yan'uwa, mu yi tunani a kan wannan. Inda ruwa yake kwance shekara duka, sauro ba ya hutu. A ƙasar tudu zazzaɓi yakan ragu da rani, amma a ƙasar noman rani yana iya kama yaro kowane wata. Mujiya kuwa kowane dare tana kuka, ko akwai marar lafiya ko babu. Ranar da kowa yake lafiya, barci ake yi, ba mai jinta. Ranar da uwa take zaune da yaro a cinya da tsakar dare, ita ce ranar da kunnenta yake buɗe. Sai a haɗa kukan da ciwon. Hatsarin da yake ciki shi ne, sa'o'in da aka ɓatar wajen turare da neman wanda ya turo tsuntsuwa, su ne sa'o'in da yaro yake bukatar magani. Sau da yawa kuma zargin ba ya tsayawa a kan tsuntsu, sai ya sauka a kan wata gwauruwa tsohuwa, a ce ita ce mayya, a mai da ita mujiya a cikin gari.

Abin tsoro na gaske a bakin kanal ƙanana ne. Ga sauro. Ga 'yan katantanwar nan da suke manne cikin ciyawar ruwa, masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda take sa yara masu wanka a kanal fitsarin jini. Ga kuma ɓera, wanda ban da ɓarnar hatsi yana kawo zazzaɓin Lassa. Ikkilisiya ba za ta manta da wannan ciwo ba. A 1969 aka fara gane shi, sa'ad da ya kama Laura Wine, ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin Lassa a ƙasar Borno. Aka kai ta Jos, a can ta rasu, wata ma'aikaciya da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. A 1970 Likita Jeanette Troup ta rasu a Jos cikin binciken ciwon. Daga baya, a 1972 a ƙasar Saliyo, aka gano cewa wani irin ɓeran gida da gona ne yake ɗauke da shi. Irin ɓeran nan yana cikin abincin farar mujiya.

Guba a gona

Wani abin da ya dame mu shi ne yawan feshi. A 2016 ƙwaron tumatir da manoma suke kira sharon ya cinye gonaki a Kadawa da kewaye, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Tun daga lokacin mutane suka ƙara riƙe maganin feshi da hannu biyu. Ba mu ce ƙururu zai iya da sharon ba, gama ƙwaron ƙanƙane ne, tsutsarsa kuma cikin ganye take ɓuya. Amma in an yi feshi ba awo, farar da ta sha guba ita ce ƙururu zai kai wa 'ya'yansa. Haka ma maganin ɓera. Ɓeran da ya ci guba yakan fito yana tangaɗi, shi ne mai sauƙin kamawa, mujiya ta ci ta mutu. Ɓera kuwa yana haihuwa sau da yawa a shekara, mujiya ba ta kai shi ba ko kusa. In guba ta kashe su tare, ɓeraye za su dawo cikin 'yan watanni, su tarar ba mai gadi. Mun kuma ga gwangwanayen magani a yashe a bakin ruwa inda yara suke wasa, mun ga samari suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci.

Me Littafi Mai Tsarki ya ce?

Wani zai ce, ai Littafi ma ya ƙi mujiya. Gaskiya ne a Littafin Firistoci sura 11 an lasafta ta cikin tsuntsayen da aka hana Isra'ilawa ci, tare da gaggafa da shirwa da zalɓe. Maganar ci ce, ba a ce ɗayansu manzon mutuwa ba ne. A Farawa sura 1 mun karanta cewa a rana ta biyar Allah ya halicci kowane irin tsuntsu, ya kuma ga aikinsa yana da kyau. Bai ware mujiya ba. Zabura 104 ta nuna mana Allah ne ya raba aiki, waɗansu halittu da dare, mutum kuwa da rana. Mai Zabura 102, sa'ad da ciwo da kaɗaici suka dame shi, da mujiyar kufai ya kwatanta kansa, Allah kuwa bai ƙi jin addu'arsa ba.

Abin da Littafi ya hana a fili shi ne camfi da duba, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a sura 18. Ran ɗanka ba a bakin tsuntsu yake ba. Ubangiji Yesu ya koya mana a Matiyu sura 10 cewa ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa da arha a kasuwa yana cikin sanin Uba, balle mu. Mai bi wanda yake raira waƙa ran Lahadi, sa'an nan ya kwana da fargaba ran Litinin don tsuntsu ya yi kuka a kan rufinsa, bai gama karɓar 'yancin da Almasihu ya saya masa ba. Sai mu taimaki juna a kan wannan da haƙuri, ban da ba'a, gama tsoron da aka sha tare da nono ba ya fita rana ɗaya.

Abin da iyali za su iya yi

In yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, a yi addu'a a hanya. In ya fara jijjiga, kada a jira gari ya waye. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, rani da damina, musamman yara da masu juna biyu. A hana yara wanka da fitsari cikin kanal, wanda kuma aka ga jini a fitsarinsa a kai shi a duba shi, gama akwai magani. A rufe abinci da hatsi, kada a bar shanya a ƙasa ta kwana.

Iyaye maza, in akwai tsohon itace mai kogo a gonarku ko bayan gida, ku bar shi. In dole a sami itacen wuta, a sassare rassa, a bar gindin. Ku dasa sababbi a kan iyakar gona domin jikoki. Wanda yake da katako ya gwada ƙera akwati mai ƙofa ɗaya, ya kafa shi can sama a inuwa, nesa da hannun yara. A yi feshi bisa ga awon da malamin gona ya faɗa, a binne gwangwanin nesa da ruwa. Malaman makarantar Lahadi su ja kunnen yara masu danƙo. Zumuntar mata kuma su sa wannan magana cikin taronsu na wata, gama a hannunsu yara suke kwana.

Ran da muka tashi komawa Kano mun bi ta Bunkure, muka tarar ana ta yankan kabeji ana loda wa motoci, kanal cike da ruwa yana gangarawa arewa. Muna roƙon masu karatu su tuna da 'yan'uwa masu bi na wannan yanki cikin addu'a, su da maƙwabtansu, domin Allah ya sa albarka a gonakinsu, ya tsare 'ya'yansu daga ciwo. A karanta Zabura 121 a sujadar iyali ta daren yau, a kuma tambayi yara wane ne mai tsaron da ba ya gyangyaɗi. Ubangiji ya ba mu kwana lafiya. Amin.